Saƙon Godiya Bayan Ɗora Manhajar Islamiyyarmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, manhajar duba sakamakon jarrabawa ta Islamiyyarmu ta hau intanet. Daga wannan zangon, iyaye za su duba sakamakon 'ya'yansu ta waya, ba sai sun jira takarda ba.

Bayan Allah, zan fara da mutanen da ban taɓa gani ba. Ban gina aikin nan daga tushe ba. Ƙwarangwal na ɗauko shiryayye na Vite, wanda Evan You ya fitar a 2020, haɗe da React, dukkansu kayan aikin gina shafukan intanet ne. Umarni ɗaya na buga, sai ga fayiloli a jere, shafin gwaji ya buɗe a kwamfutata. Ko sisi ba su karɓa ba. Allah Ya biya su.

Sai Yayana, wanda shi ne ya sha wahalata. Tun farko shi ya ce in rabu da Create React App, wani ƙwarangwal na daban da tsofaffin darussan bidiyo ke koyarwa, domin masu React da kansu sun jingine shi tun Fabrairun 2025. Da na tura aikin GitHub kuma, wato ma'ajiyar ayyukan manhaja a intanet, saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) ta ƙi gina shi, sai jan rubutu wai ba ta ga wani fayil ba, alhali ga shi ina kallo. Yaya ne ya gano bakin zaren: Windows ɗin da kwamfutata ke kai ba ta bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Linux ɗin da sabar ke kai kuwa tana bambantawa. Harafi ɗaya tak! Ko gyara sunan ma sai da muka bi ta umarnin git mv kafin Git, manhajar da ke lura da canje-canjen fayiloli, ya yarda an canza wani abu.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da ya ce, "Ƙanena, wannan sakamakon 'ya'yan mutane ne, amana ce." Ya nuna min cewa duk bayanin saitin manhajar da aka sa wa VITE_ a gaban sunansa, yana bin shafin har cikin burauzar kowa, mai wayo zai iya tono shi. Don haka makullin sirri ya zauna can gefen saba, kuma kowane uba 'ya'yansa kaɗai zai gani. Wannan kam ba ƙwarangwal ɗin da zai yi maka shi. Yaya, Allah Ya ƙara ɗaukaka, Ya raya zuri'a.

Malam shugaban makaranta, Allah Ya ƙara wa rayuwa albarka. Kun ba yaro dama kun kuma yi haƙuri da jinkiri. Ƙanwata da ta shigar da sunayen ɗalibai aji-aji, sannu da ƙoƙari. Mai shagon cajin bakin layinmu da ya riƙa ba ni wuri in an ɗauke wuta, na gode.

Iyaye mata da suka gwada da ƙananan wayoyinsu, su suka gano cewa in an sake loda shafin sakamako sai ya ce 404, wato ba a ga shafin ba. An gyara, yanzu sabar tana mayar da kowane adireshi kan index.html, babban fayil ɗin shafin.

Wanda ya ga kuskure a sunan ɗansa ko makinsa, ya sanar da ofishin makaranta. Allah Ya saka wa kowa da alheri, amin.