Abin da na gani a cikin kwanon ruwa a Kadawa

Gonakin shinkafa biyu mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana a Kadawa, jihar Kano. Dukansu ruwan Tiga suke sha, dam ɗin nan da aka gama a 1974, kuma iri ɗaya muke dasawa, Faro 44 da manoma ke kira Sipi. Amma in ka tsuguna ka leƙa ruwan fangalinsu, sai ka rantse ba gari ɗaya suke ba.

Ta farko tana jingine da magudana, inda ruwa ba ya ƙafewa ko rani ya yi tsanani. Akwai kachala a bakin wurin, da ciyawar da ba mu taɓa ƙonawa ba. Makonni uku bayan dashe na ɗebo ruwa da tsohon kwanon sha, na jira laka ta kwanta. Sai ga 'ya'yan mazari biyu, launin ƙasa, masu dara-daran idanu, sun lafe a gindin kwanon. Ga wani baƙin buzuzun ruwa mai sheƙi, ya nutse, ya taso ya ɗebi iska da bayansa, ya sake nutsewa. Ga wani ɗan ƙwaro yana iyo a rigingine. Na daɗe a tsugune har ƙafata ta yi sanyi.

Ta biyun tana tsakiyar gonaki, kowace iyaka an ƙone ta da maganin ciyawa, ƙasa tsirara. Can ma na ɗebo. Tsutsar sauro ce kawai ke ta mutsu-mutsu.

Wannan ya tsaya mini a rai, domin waɗancan ƙwarin mafarauta ne. Ɗan mazari tsutsar sauro yake ci a ruwa, in ya yi fiffike kuma ya koma kamun ƙananan ƙwarin da ke shawagi a kan shinkafa. Idan aka yi feshi da magani irin su saifametirin, duka yake kashewa, mai ɓarna da mai gadi. Sauro kuwa daga ƙwai zuwa tashi kwana goma ya ishe shi a zafinmu, alhali mazari sai ya yi makonni a ruwa. To wa zai riga dawowa? Gonar da ke kusa da magudana tana samun mafarautan da wuri, tunda yawancinsu suna tashi, kuma a magudanar suka yi zaman rani. Ta tsakiya ba ta da inda za su fito mata.

Na kai wa maƙwabcin gonarmu kwanon, dattijo ne sa'an mahaifinmu. Ya duba ya ce, "Ɗan nan, ai da can ba ma wanke tankin feshi a magudana, don babu tankin ma." Na ce, "Baba, yanzu fa kowa a nan yake wankewa." Ya girgiza kai.

Ni ba na cewa a bar feshi. Na ga yadda tsutsar kara ke mayar da zangarniya fara fat, ba ƙwaya ko ɗaya. Abin da ke ba ni takaici shi ne feshin da ake yi don kawai an ga maƙwabci ya goya tanki, ba a ko duba ganye ba.

Bana na hana ƙanena fesa iyakokin gonar tsakiya, na ce a riƙa yanke ciyawar da lauje ana kai wa tumaki. Ya yi ƙorafin aikin zai yi yawa, kuma gaskiyarsa ce. Na bar kwanon a ƙarƙashin mangwaron bakin hanya, zan sake ɗebowa idan shinkafa ta fara ciki.