Rayuwa bayan tiyatar kogunan hanci karo na biyu

Wanda kumburin kogunan hanci (ramukan iska da ke cikin ƙasusuwan fuska kewaye da hanci) ya daɗe a jikinsa, wato toshewa da majina da nauyin fuska na mako 12 ko fiye, idan aka ce za a sake yi masa tiyata abin da yake tambaya ɗaya ne: wannan karon zan samu sauƙi? Yawanci ana samu, amma a gane tun farko cewa tiyata hanya take buɗewa domin magani ya shiga, ba ta kashe kumburin daga tushe.

Dalilan da ke sa ta farko ta kasa sanannu ne. Wani lokaci tabo ne ke manne fatar cikin hanci ya rufe ƙofar da aka buɗe. Wani lokaci ba a haɗa sabuwar ƙofar kogon kumatu da ta asali ba, sai majina ta riƙa fita ta wannan tana komawa ta waccan. Hanyar kogon goshi kuwa ƙunci gare ta, ba ta da wuyar tsukewa. Ga kuma tsiron hanci da ke dawowa, musamman ga mai asma wanda asfirin ke tayar masa da ciwo. Tiyata ta biyu ta fi wuya, domin alamomin da likita ke bi sun sauya, shi ya sa sabon hoton siti sikan, mai nuna cikin kogunan dalla-dalla, ya zama dole.

Likitoci na auna sauƙin da tambayoyi 22 da ake kira SNOT-22, kowace daga 0 zuwa 5, jimilla 110. Raguwar maki kamar 9 ita ce mutum ke fara ji a jikinsa. Numfashi da barci sukan riga gyaruwa. Jin ƙanshi shi ne mai jinkiri, wani ma ba ya dawo masa duka, kuma ya kamata a faɗa wa mara lafiya haka kafin aiki.

Bayan tiyata, wankin hanci shi ne ginshiƙi. Kwalba mai mililita 240, ruwan da aka tafasa ya huce, da kimanin rabin ƙaramin cokali na gishiri marar aidin, sau biyu a rana. A sunkuya, a buɗe baki, a matsa a hankali har ruwan ya fito ta ɗaya kafar. Ruwan famfo kai tsaye haɗari ne. Idan likita ya rubuta budesonide, maganin rage kumburi, a zuba a ciki, kada a daina don an ji dama.

Mako ɗaya zuwa biyu na farko bayan tiyata ban da fyace hanci da ɗaukar kaya masu nauyi, atishawa kuma baki buɗe. Ranar da likita ya sa a koma ya cire ɓawon jini kada a tsallake ta, a nan ake tare tabo tun bai kama ba. Sigari kuwa tana iya rage nasarar aikin.

Ruwa garai-garai mai ɗanɗanon gishiri da ke ɗiga daga kafar hanci ɗaya idan an sunkuya, ko kumburin ido, ko ganin abu biyu-biyu, asibiti nan take.