Bushewar Baki a Garin Danshi: Aikina kan Jakunkunan Yawu a Legas

A Kano ko Sakkwato, idan mace ta yi kukan bushewar baki da jin yashi a ido, hunturu ake ɗora wa laifi, a ce ta yi haƙuri sanyi ya wuce. Legas ba ta ba da wannan uzurin, don iskarta a jiƙe take kusan duk shekara. Amma a nan na haɗu da matan da lomar tuwo ba ta wuce musu sai da kurɓin ruwa, waɗanda ba sa kai ƙarshen shafi a karatun Alƙur'ani sai harshe ya manne da ganɗa, waɗanda aka yi musu rasuwa suka yi kuka babu hawaye.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce. Na shiga wani ƙaramin bincike kan cutar Sjögren, wadda ta samo sunanta daga Henrik Sjögren, likitan ido ɗan ƙasar Suwidin da ya yi cikakken bayaninta a 1933. Cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa kan mai ita, ta auka wa jakunkunan da ke samar da yawu da hawaye. Kusan tara cikin goma na masu ita mata ne. Tambayarmu ɗaya ce: a cikin jakar yawun da cutar ta kama, waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki fiye da kima, waɗanne ne suka yi shiru?

Ba a taɓa manyan jakunkunan da ke gaban kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi. A cikin leɓen ƙasa akwai ƙanana da yawa, su likita yake cirowa, huɗu zuwa shida, bayan allurar kashe zafi. Da yake ina jin Hausa, ni ake kira idan mara lafiya ta fito daga Agege, Idi-Araba ko Mile 12. Wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ki gaya mini gaskiya, naman bakina me za ku yi da shi?" Na ce, "Hajiya, rabi za a duba a madubin likita don a san ciwonku, rabi kuma, idan kun yarda, mu yi nazari a kansa. Idan ba ku yarda ba, ba abin da zai ragu a maganinku." Na faɗa mata leɓen zai iya yin ɗan mutuwa na wani lokaci. Sai da ta koma gida ta yi shawara da ɗanta kafin ta sa hannu, kuma ina ganin hakan ne daidai. Takardar amincewa da aka karanta wa mutum da harshen da ba ya ji, sa hannun da ke kanta bai zama yarda ba.

Ƙwayoyin gado iri ɗaya ne a duk sassan jiki. Abin da ya bambanta leɓe da hanta shi ne waɗanda ke aiki a kowanne, kuma duk wadda ke aiki tana fitar da saƙo da ake kira RNA. Saƙon nan muke aunawa, shi kuwa ba ya da juriya ko kaɗan. Sinadaran da ke lalata shi suna kan fatar hannu, suna cikin yawun kansa. Abu na farko da na koya ke nan: mintunan farko bayan an ciro naman sun fi duk wata na'ura muhimmanci. Nakan tsaya kusa da likita da kwalbar RNAlater, ruwan da ke hana saƙon lalacewa, a buɗe, naman na fitowa ya faɗa ciki. Daga nan cunkoson gadar Third Mainland ba ya tayar mini da hankali, don ruwan yana riƙe saƙon har kwana guda ko da zafi ya yi yawa. Sai ya kwana a firij ruwan ya ratsa shi sosai, kashegari a kai shi firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Firizar nan kuwa, a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, sai an san wanda zai tayar da janareto cikin dare kafin a ajiye samfurin kowa a cikinta.

Da na'urar qPCR, wadda ke nuna yawan saƙon kowace ƙwayar gado, muka auna. Abin da muka gani bai saɓa wa abin da aka riga aka sani ba. Ƙwayoyin gadon da sinadarin intaferon ke tayarwa, irin su MX1, IFIT1 da IFI44L, sun yi sama a yawancin masu cutar. Intaferon makamin jiki ne na yaƙar ƙwayar bairas, sai ga shi yana ta aiki a jakar da ba a ga bairas a cikinta ba. BAFF, mai raya ƙwayoyin garkuwa nau'in B, shi ma ya hau, haka CXCL13 mai kiran su su taru.

A nan ne aikin ya fi ɗaukar hankalina. Idan aka niƙa naman gaba ɗaya aka auna, sakamakon kamar tsayawa ne a bakin kasuwar Mile 12 ana jin hayaniya: ka san akwai ihu, ba ka san mai yin sa ba. Shin CXCL13 ya hau ne don ƙwayoyin jakar sun canza hali, ko don baƙin ƙwayoyin garkuwa sun cika wurin? Shi ya sa na daina karanta kowace lamba sai da gilashin da ke ɗauke da yankin naman mai ita a gabana. A madubi ana ƙirga tarin fararen ƙwayoyin jini: duk inda 50 ko fiye suka dunƙule, tari ɗaya ke nan, kuma tari ɗaya a cikin murabba'in milimita 4 ya isa shaida. A ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Amurka da Turai suka fitar a 2016, wannan yana da maki 3, samun anti-Ro, wani makamin garkuwa da ke juyowa kan jiki, a jini maki 3, yawun da bai wuce mililita 0.1 a minti ba maki 1, ana neman jimillar aƙalla 4 kafin a ce cutar ce.

Sai kuma abin da ya fi taɓa zuciyata. Akwai matan da bakinsu ya bushe ƙayau, amma a madubi mafi yawan jakar tana nan lafiya lau. Ba ta mutu ba, aiki ta daina. Wasu bincike sun nuna aquaporin 5, ƙofar da ruwa ke bi ya zama yawu, tana barin mazauninta a cikin ƙwayar, wasu kuma sun nuna garkuwa na tare hanyar da jijiya ke ba jakar umarni. Wannan na da muhimmanci ga mara lafiya, don jakar da ke raye ana iya zaburar da ita, kuma abin da maganin pilocarpine ke yi ke nan.

Legas ta kuma koya mini tantancewa kafin a sa kowa cikin bincike. Ciwon sukari na busar da baki, haka magunguna irin su amitriptyline da na mura masu sa barci. HIV da ciwon hanta nau'in C suna iya cika jakar yawu da fararen ƙwayoyi har ta yi kama da Sjögren, kuma su ma suna tayar da intaferon. Wanda ya tsallake waɗannan gwaje-gwajen, lambobinsa ba su da amfani. Yawancin abin da duniya ta sani kan wannan cuta daga matan Turai, Amurka da Asiya aka samo shi, don haka kowane samfuri mai tsabta daga wurinmu yana da daraja.

Dattijuwar nan an tabbatar tana da cutar. An haɗa ta da likitan haƙori, don rashin yawu na ruɓar da haƙora da sauri, aka hana ta tsotson alewa mai sukari da take yi don jiƙa baki, aka ba ta ɗigon ido. Batun azumi, likita ya yi mata bayanin halin jikinta, ta kai wa malaminta. Ni kuma aka sa na jaddada mata abu guda da Hausa: idan gaban kunnenta ya kumbura ya ƙi saɓewa, kada ta ɗauka hangum ne ta zauna a gida, ta dawo da wuri, don kaɗan daga cikin masu wannan cuta sukan kamu da sankarar ƙwayoyin garkuwa a wannan jakar, kuma tana jin magani idan an gano ta da wuri.