Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren Jidda

A makon jiya na tsaya inda autana ya biya mini kuɗin Umra. Kafin in ci gaba dole in koma kan Kawu, Allah ya jiƙansa, domin maganarsa ta bi ni har can. Ranar da na bar makaranta na kama koyon kanikanci a Sabon Gari, a zauren gidanmu na Ƙofar Doka ya dubi Baba ya ce: "Duk ilimin da ke Zariya, ɗanka baƙin mai ya zaɓa. Baƙin mai kuwa ba ya wankuwa." Ina tsaye ya faɗa. Ko da na yi aure, ko da na buɗe garejina, bai taɓa janye ta ba.

To, a watan Maris na 2023, saura kwanaki kaɗan azumi, na gama Umra na sauka wurin yaron a Jidda. Ranar Lahadi ya ce, "Baba, yau za mu je kallon tseren mota." Na ce ibada ta kawo ni, ba shirme ba. Ni da na sha janyo motocin da gudu ya murƙushe a hanyar Kaduna, me zan kalla? Ya ce kuɗin tikiti sun riga sun fita. Don kar a yi asara na bi shi, raina a ɓace.

Filin yana bakin teku, fitilu sun mai da dare rana. Ƙarfe takwas motoci ashirin suka tashi, ƙarar na ji ta har cikin haƙarƙarina. Zagaye 50 za su yi, kowane zagaye ya ɗan haura kilomita 6. Da farko ban gane komai ba, wulgawa kawai nake gani.

Sai wata mota ta shigo canjin taya, daidai gaban inda muke. Mutum wajen ashirin suka rufe ta. Uku uku a kowace ƙafa: wannan ya kwance, wannan ya zare, wannan ya sa sabuwa. Noti ɗaya tak ke riƙe da tayar. Kafin in ce bismillahi sun sauke jak ta wuce, daƙiƙa uku ba ta cika ba. Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na tuna yadda nake hawa kan sifana da ƙafa ina fama da notin Fijo 504 da tsatsa ta ci, yara biyu na danne mini. Yaron ya ce injin nan lita 1.6 ne, da turbo da batir. Bai kai na 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna a da girma ba, amma yana wuce kilomita 300 a awa!

Daga nan na daina kallon direbobi. An ce Perez ɗan Meziko ya ci, Verstappen ya taso daga na 15 ya zo na biyu, jama'a na ta ihu. Ni idona na kan masu gareji. Kanikawa ne irina, duniya na kallonsu, ba mai cewa sun kasa karatu.

Shi Kawu, a shekarun da ƙafa ta gaza masa, motata ce ke kai shi asibiti a Shika. Ban taɓa tuna masa ba. Kuma da baƙin man nan na biya wa autan karatun injiniya a Samaru.

A hanyar komawa yaron ya ce, "Baba, kun yi shiru." Na miƙa masa hannuwana ya duba bakin farcen. Shekara shida rabona da sifana, layin baƙin yana nan. Ya riƙe su bai saki ba har muka iso inda ya ajiye mota.

Mako mai zuwa zan faɗi yadda aka tashe mu daga garejin farko.