Rim ɗin da na zaɓa wa ƙafar baya

Rim ɗin ƙafar baya ta keken da nake hawan duwatsu da shi, wato da'irar da taya take zama a kanta, ya gama aikinsa. Ya lotsa a wuri uku, biyu na miƙe su da sifana, na ukun ya ƙi. Kullum da safe sai na tarar tayar ta sace ta daidai wannan gurbin, don ba tub nake sawa ba, ruwan toshe huda nake zubawa a ciki. Hob ɗin kuwa, wato cibiyar da sifoka suke tashi daga jikinta, lafiyarsa ƙalau, yana juyawa sumul. Sai na ga babu dalilin sayen sabuwar ƙafa sukutum. Rim kawai zan nema, in ɗaura da hannuna.

Girman da'ira ba abin zaɓi ba ne, keken ne yake yanke hukunci. Nawa inci 29 ne, wanda a awon masana'anta milimita 622 ne a inda bakin taya yake zama. Mai 27.5 milimita 584 ne, tsohon 26 kuma 559. Haka ma yawan ramuka: hob ɗina 32 gare shi, saboda haka rim mai 28 bai shigo lissafi ba tun farko, kuma ban ji haushi ba. Ƙafa mai sifoka 32, in guda ta tsinke a daji, takan ɗan karkace kaɗan ta kawo ka gida.

Inda na zauna na yi dogon tunani shi ne faɗin ciki, tazarar da ke tsakanin leɓɓan rim ɗin biyu. Tsohon nawa milimita 23 ne, ina ɗora masa taya mai inci 2.4. Idan ka duba ta daga baya, kamar ƙwan lantarki take, ƙasa a tsuke, sama a buɗe. Muddin na rage iska don ta kama ƙasa, da na kwanta a kwana sai in ji ta lanƙwashe a ƙarƙashina, wani lokaci har ta yi gyatsa ta fesar da ruwan. In na ƙara iska kuma sai ta dinga tsalle a kan tsakuwa. Na daɗe ina ɗora wa tayar laifi, ashe gindin zama ne ba ta samu ba. Ranar da na ari keken wani abokina mai rim ɗin milimita 30, da taya irin tawa sak, na sauko gangaren da na saba, nan take na gane. Gefen tayar a tsaye yake, iska ƙasa da wadda na saba sawa, amma ba ta murguɗa ba ko sau ɗaya.

Sai dai faɗi ma yana da iyaka. In ya yi wa taya yawa, samanta yakan baje ya zama shafaffe, haƙoran gefe su riƙa taɓa ƙasa tun kana tafiya a miƙe, sannan in ka kwanta sosai ka rasa abin da zai riƙe ka. Gefen tayar kuma ya fito fili, dutse ya samu abin yanka. Shi ya sa kamfanin taya na Maxxis suke rubuta WT a jikin wasu tayoyinsu, alamar an tsara su ne don rim mai faɗin milimita 30 zuwa 35. Ni tayoyina tsakanin inci 2.4 da 2.5 suke, don haka na tsaya a rim mai milimita 30.

Kabon ko alminiyam? Na riƙe rim ɗin kabon a hannuna, wato wanda aka yi da zaren kabon da aka daskarar ba da ƙarfe ba, kuma gaskiya abu ne mai kyau: ga rashin nauyi, ga shi yana fitowa a miƙe, ɗaurinsa ba wuya. Amma yadda abu yake lalacewa ya fi damuna a kan yadda yake lokacin da yake sabo. Alminiyam in ya sha dutse lotsawa yake yi. Ka cire taya, ka naɗe bakin sifana mai daidaitawa da tsumma, ka kama leɓen, ka ɗaga shi a hankali, kaɗan-kaɗan, kana matsawa gefe da gefe har ya dawo kusa da yadda yake, ka goge kaifin da fayil. Kabon yana jure bugun da zai lotsa alminiyam, amma ranar da ya kai maƙura tsagewa yake yi, kuma wannan ba gyaran bakin hanya ba ne. Ƙafar baya ita take ɗaukar yawancin nauyina da duk kuskuren da na yi wajen zaɓen hanya. Alminiyam na ba ta.

A 2014, a gasar gangaren dutse ta kofin duniya a Leogang ta ƙasar Ostiriya, tayar baya ta ɗan tseren keke Aaron Gwin ta fashe tun kusa da farkon hanya, ta fice daga rim, shi kuma ya ƙi tsayawa, ya sauko har ƙarshe a kan tsirarar rim. Rim ɗin EX 471 ne na kamfanin DT Swiss, na alminiyam mai faɗin milimita 25, kuma ƙafar ba ta wargaje ba. Na kalli bidiyon ya fi a ƙirga. Wanda na saya ɗan gidansu ne mai faɗin 30, EX 511, nauyinsa wajen giram 570. Akwai XM 481 mai faɗi ɗaya da shi wanda ya fi shi sauƙi da giram arba'in da wani abu. Na auna su a raina kwana biyu. Nauyin da ke bakin ƙafa ana jin sa a hawa, ban musa ba, amma rim ɗin da na kashe ma mara nauyi ne.

Abu guda na so a ce EX 511 ɗin yana da shi bai da shi: ramukan da aka gusar gefe. A ƙafar baya giyoyi suna tura sifokan dama ciki, sai su fi na hagu ɗaurewa nesa ba kusa ba. Rim ɗin da aka gusar wa ramuka da milimita biyu ko uku yana rage wannan bambancin, na hagu su daina saki. Na haƙura da shi saboda hob ɗina mai faɗi ne, milimita 148, don haka kusurwar sifokansa da dama-dama.

Kafin in sayi sifoka sai da rim ya iso hannuna, don na taɓa ƙonewa. Wani lokaci can baya na ɗauki awon ERD daga shafin wani mai sayarwa, wato faɗin da'irar daga inda kan sifoka yake tsayawa zuwa na wadda take kallonta a ɗaya gefen, na yi lissafi da shi, sifoka 32 suka zo duk sun gaza da milimita biyu. Yanzu da kaina nake aunawa. Na yanke tsofaffin sifoka biyu kowace milimita 200 cif, na murɗa musu noti har kansu ya zo daidai da tsagar notin, na zura su a ramuka biyu masu kallon juna, na ja su da roba, na auna ratar da ta rage a tsakiya na haɗa da 400. Na maimaita a wuri huɗu na ɗauki matsakaici, tunda babu sabon rim ɗin da yake da'ira cikakkiya kafin a ɗaure shi. Wannan rim ɗin da washa yake aiki a ƙarƙashin kowane noti, saboda haka da washar a ciki na auna.

Dare biyu na yi ina ɗauri, kowace sifoka ta gitta uku, ɗaurin ɓangaren dama na kai shi kusa da nyuton 1200, awon ƙarfin ja da kamfanin ya ƙayyade, ban wuce ba. Na shimfiɗa tef mai faɗin milimita 32 a cikin rim ɗin don toshe ramukan sifoka, tayar ta hau da famfon hannu, ta yi ƙara sau biyu ta zauna. Na fita da ita sau uku ke nan, jiya na sake bin sifokan da ma'auni, biyu kawai suka nemi kwatan juyi. Ƙafar gaba tana nan da tsohon rim ɗinta mai 23, kuma in lokacinta ya yi, ita kam XM 481 zan sa mata.