Zaman da ba a yi wa mashayi wa'azi

A garuruwanmu na Arewa, mashayin giya yana da masu yi masa wa'azi da yawa, amma da wuya ya samu wanda zai zauna ya saurare shi. Haka na yi shekaru a Kaduna. Kowa a gida ya san halin da nake ciki, ba mai furtawa, sai dai idan baƙo ya tambaye ni a ce "ba ya jin daɗi ne".

Ban san akwai taron masu ƙoƙarin barin giya ba sai da aka kwantar da ni a asibiti. Na tsayar da shan ne lokaci guda, jikina ya ɗauki rawa, gumi ya yi ta keto mini, barci ya ƙaurace. Likita ya ce wanda ya daɗe yana sha da yawa, idan ya yanke farat ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya kamuwa da farfaɗiya ko ruɗewar hankali, kuma abin yana kisa. Don haka duk mai niyya ya fara da ganin likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa yana da sashen masu fama da shaye-shaye. Taron 'yan'uwa ba ya maye gurbin magani.

Wata nas ce ta rubuta mini lamba a takarda ranar da za a sallame ni. Irin wannan zama ba shi da allon talla a bakin titi, kuma ba a shelarsa a rediyo. Ma'aikatan lafiya su ne suka fi sanin inda ake yi. Da na kira, wani dattijo ya ɗauka, bai tambayi sunan mahaifina ko unguwarmu ba, ya dai faɗi rana da lokaci, ya ce zai tsaya a bakin ƙofa.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne wurin: ajin makaranta ne a harabar coci. Na ce masa, "Baba, ni fa Musulmi ne." Ya ce, "Ɗana, aron ɗaki muka yi, ba wanda zai taɓa maka addini. Sharaɗi ɗaya ne a nan, kana son ka daina sha." Daga baya na fahimci tsarin da suke bi na Alcoholics Anonymous ne, ƙungiyar da Bill Wilson da likita Bob Smith suka fara a garin Akron na Amurka a 1935, su biyun kuma mashaya ne da suka gano cewa hira da juna tana riƙe su. Suna da matakai 12, kuma inda aka ambaci Ubangiji an bar wa kowa yadda ya yi imani da Shi. Ni na ɗauki abin a matsayin tuba: ka amsa cewa abin ya fi ƙarfinka, ka koma ga Allah, ka nemi yafewar waɗanda ka cuta. Ban bar sallata ba, hasali ma a lokacin ne na dawo mata da gaske.

Zaman kamar awa ɗaya ne. Kowa sunansa na farko kawai yake faɗa. Idan mutum yana magana ba a katse shi, ba a ba shi shawara, ba a yi masa faɗa. Akwai direban tirela, akwai malamin makaranta, akwai wanda burkutu ce ta cinye masa gona, akwai saurayin da 'yar ledar nan mai arha ta kama. Da direban ya ba da labarin yadda yake tauna goro da citta don ɓoye wari kafin ya shiga gida, sai na ji ƙwalla, domin ban taɓa zaton wani ya san wannan wahalar ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba a tilasta wa kowa. A zuwana na farko ban ce uffan ba. Ba a biyan kuɗin shiga, ana dai zagayawa da kwano, mai hali ya jefa don shayi da gyaran ɗaki.

Na koyi cewa zuwa ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, sai an yi ta komawa kafin kunne ya buɗe. Na koyi karɓar lambobin mutane, domin sha'awar ba ta jiran ranar taro, ta fi zuwa da magariba ko ranar albashi. Dattijon nan ya zama jagorana, shi nake kira kafin ƙafata ta nufi inda ta saba. Ya hana ni alkawarin har abada, ya ce in riƙe na yau kaɗai.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne mata. Akwai masu fama da wannan ciwo a cikin gidaje, kunya ta hana su fitowa. Su da mutanen garuruwan da babu taro, akwai zaman da ake yi ta Zoom, mutum zai iya rufe kyamara ya saurara, sai dai yawancinsu da Turanci ake yi, muna kuwa bukatar na Hausa.