Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙwaya Ɗaya da Rabi

Makon jiya na tsaya a inda aka sa wa ciwona suna, bayan na yi kusan shekara biyu ina yawo da shi ba suna. Ga wanda bai karanta ba, tiroyid ɗina ne ya yi sanyi, wannan 'yar tsokar da ke gaban wuya wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Tawa ba ta kumbura can ba, aiki ne ta rage. Lokotoro ya ce garkuwar jikina ce da kanta take cin ta, ciwon da ake kira Hashimoto, sunan likitan Japan da ya fara bayaninsa a 1912. Aka ɗora ni kan Levothyrox, ƙwayar da ke cike gurbin sinadarin da tiroyid ke samarwa, maikrogiram 50 a rana, bayan sati shida aka mai da ni 75. Yau kuwa labarin wautar da na tafka da hannuna zan ba ku, ni da ke koya wa 'ya'yan mutane lissafi.

Ƙarshen Oktoba ne, an koma lekol ke nan. Na nemi izini na kwana huɗu, na shiga kar ɗin asuba daga Tahoua. Konni, Dogon Dutsi, Dosso, kilomita sama da 500, sai bayan la'asar muka shiga Yamai, ƙafafuna sun yi suntum. Na sauka wajen Yayata a Boukoki, washegari aka ɗibi jini. Da takarda ta fito, TSH 11. A gefe an rubuta inda ya kamata lafiyayye ya tsaya, kamar daga 0.4 zuwa 4.

Bari in tsaya kan wannan TSH ɗin, don ya ruɗa ni kuma na san yana ruɗa mata da yawa. Farkon ganina da shi na ɗauka in lamba ta hau, sinadarin tiroyid ne ya yi yawa a jiki. Ashe a baibai ake karanta shi. TSH ba daga wuya yake fitowa ba, daga wata 'yar halitta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, kuma aikinsa tunzura tiroyid. Kamar bulalar mai amalanke ce: in jaki na ja yadda ya kamata, bulala na hutawa, in ya noƙe sai duka ya ƙaru. To lamba 11 na nufin har yanzu ana zabga wa nawa jakin bulala.

Na shiga wajen lokotoro da tabbacin zai ƙara mini magani. Ya duba takarda, ya ajiye ta, ya cire madubin idonsa.

"Madam, faɗa mini yadda safiyarki take. Daga tashi har fita."

Na ce wace irin tambaya ce wannan, amma na amsa. Sallah, in ɗora ruwan zafi, in shirya yara, in haɗa shayi da madara da buredi, in haɗiye ƙwayar da shayin, in bi ta da jan maganin ƙarin jini da aka ba ni tun bayan haihuwa, in fita. Ranar da babu shayi, hura ce da nono.

"Da shayin? Da maganin jinin, lokaci guda?"

"Lokaci guda, don kada in manta."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta yi mini daɗi ba. Ya ce maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe yana kama wannan ƙwayar a cikin hanji ya hana ta shiga jini, haka sinadarin ƙashi da ke cikin madara da nono, haka kafe. Wato 75 nake haɗiya, amma abin da ke isa jinina bai kai 75 ba. Ya ce ba zai ƙara ko kaɗan ba. In sha ƙwayar da ruwa zalla da na tashi asuba, in ba ta minti 30 zuwa awa guda kafin in sa komai a baki, jan maganin kuma in mai da shi bayan azahar, aƙalla awa 4 tsakaninsu. Sai bayan sati shida zuwa takwas a sake awo.

Na fito raina a ɓace. Kuɗin kar, kuɗin analiz, kuɗin ganin lokotoro, kwana huɗu na bar aji, duk don a ce mini in canja lokacin shan shayi? Ga gashina na zuba a matsefi kamar ana aske ni, ga barci yana ɗauke ni a kujera ina gyaran takardun yara, ga nauyin jiki. Yaya ta ce, "Ke dai ki bi abin da ya ce, ƙanwata, shi ya karanta." Na ce to, amma to ɗin baki ce.

A cikin kar, wajen Dosso, na buɗe waya ina karance-karance. Nan na ci karo da lissafin da ya kai ni ya baro: wai cikakken magani ga babba kamar maikrogiram 1.6 ne kan kowane kilo na nauyin jiki. Ni kilo 68 ce. Ban ma nemi biro ba, 108.8. Na ce ka ji, ashe ƙwauro ake yi mini. Ƙwayar kuwa tana da tsaga a tsakiya, ana karya ta da ɗan yatsa. Ɗaya da rabi ya ba ni 112.5. Ya yi kusa da lissafina har na ji daɗin kaina.

Da na koma gida na haɗa biyun. Na bi lokacin da lokotoro ya ce, ban saɓa ba ko sau ɗaya, sannan na ƙara rabin ƙwayata a ɓoye. Abin da ban yi tunani ba shi ne gyaran lokacin kaɗai ya riga ya ƙara abin da ke shiga jinina. Ƙari biyu na yi, ina ganin ɗaya ne.

Sati biyun farko ban ji komai ba, har na fara tunanin ko in cika biyu. Allah ya tsare. Sati na uku da na huɗu kuwa na zama wata sabuwa. Na share gida har bayan ɗaki, na wanke labule, na gama gyaran takardu kafin sauran malamai. Na riƙa ce wa kaina ai ga shi, wa ya fi sanin jikina?

Sai Disamba ta shigo da sanyinta. Duk wanda ya san hunturun Adar ya san yadda iska ke yanka da asuba, yara na zuwa lekol leɓe a tsage. Ni da a da nake sa rigar sanyi a watan Afrilu mutane na dariya, yanzu ni ce ke yaye bargo cikin dare ina zufa. Ƙarfe biyu, ƙarfe uku, idona biyu, ƙirjina na bugu kamar ana daka a maƙwabta. Bayan gida sau uku sau huɗu a rana. Faɗa kuwa ba a magana, autana ya zubar da kunu na yi masa tsawar da har yau in na tuna sai na ji kunya.

Ranar da abin ya ba ni tsoro ina gaban allo ne, ina ja wa 'yan aji layin kasa lamba. Allin ya ƙi tafiya miƙe. Na goge, na sake, layin ya fito kamar sawun tsutsa. Na ɗaga hannuna ina kallo, yatsun na rawa su kaɗai. Wata yarinya a bencin gaba ta ce, "Madam, sanyi kike ji?" Zufa kuwa na bin bayana.

Inna, uwar maigidana, ta yanke hukuncinta tun kafin a tambaye ta: iska ce. Ta sa aka kawo rubutu, ta turara ɗakina har sai da yara suka yi tari. Na sha rubutun, ba ni da bakin musu, kuma ni ma a lokacin addu'a nake nema ta kowace kafa. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta riƙe wuyan hannuna tana kallon agogo, ta ce bugun zuciyata 112 a minti, ina zaune ban yi aikin komai ba. Ta tambaye ni ko an canja mini magani. Na ce a'a. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma na san ƙarya ce.

Maigida ne ya kama ni, ba da wayo ba, da aljihu. Shi ke sayo maganin a farmasi. Wani dare ya shigo da kwalin a hannu, ya zauna bakin gado.

"Malama, ke ce mai lissafi. Kwali mai ƙwaya 30, ɗaya a rana, kwana nawa zai yi?"

Na yi shiru.

"Wannan ne na biyu da ya ƙare a kwana 20."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce hutun ƙarshen Disamba tare za mu Yamai.

TSH ya fito 0.05. Bulala ta faɗi ƙasa gaba ɗaya, jaki na gudu ba mai riƙe shi. Na faɗa wa lokotoro komai, har lissafin cikin kar. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce lissafin nawa ba ƙarya ba ne, amma na wanda aka cire wa tiroyid ne ko wanda tasa ta daina aiki ƙaf, kuma ko shi wurin farawa ne kawai, jini ne ke faɗin sauran. Tawa har yanzu tana ɗan taɓukawa. Tsofaffi da masu ciwon zuciya ma da 25 ake fara musu, wani lokaci ƙasa da haka, ana hawa a hankali.

Abin da ya fi zauna mini shi ne bayaninsa kan jinkirin maganin. Ya ce ƙwayar da na sha yau, sai bayan kamar kwana 7 rabinta ke barin jiki, don haka kowace rana tana hawa kan ta jiya, ba ta daidaita sai an yi sati biyar zuwa shida. Shi ya sa ban ji komai ba da farko, shi ya sa daɗin da na ji a sati na uku hanya ce kawai na ratsa, na wuce ta inda ya dace ban sani ba. Da na daɗe a haka, in ji shi, zuciya na iya rikicewa da bugu marar tsari, ƙashi kuma ya riƙa zaizayewa a ɓoye, musamman ga mace.

Ya mai da ni 75. Saukowar ma ba ta zo da sauri ba, sai da na yi wajen sati uku kafin barcina ya dawo. A Fabrairu awo ya nuna 5.8, ya ɗan haura. Wannan karon hoton takardar na tura masa ta WhatsApp na zauna jiran amsa, ban taɓa kwalin ba. Ya ce yau 75, gobe 100, a haka a haka, tunda maganin na daɗewa a jiki zai daidaita kansa a tsakiya. Na manna takarda a ƙofar kwaba ina sa alama, don wallahi kwana uku kawai sai ka rikice wace ka sha jiya. Ya kuma ja mini kunne kada in canja kamfanin magani don wani ya fi araha ba tare da an sake awo ba. Ya ce ko a Faransa, da aka canja haɗin Levothyrox a 2017, sinadarin bai canja ba sai abubuwan da ake haɗa ƙwayar da su, amma mutane da yawa sun koka. Na kuma ɗauke kwalin daga kan taga, don a jikinsa an rubuta kada zafi ya wuce digiri 25, mu kuwa a Tahoua bazara na wuce 40 ba ta ko waiwaya.

Tsakiyar Afrilu, TSH 1.9. Na daɗe ina kallon lambar nan. Inna ta ce ai ta faɗa, rubutun ne ya yi aiki. Na ce Allah ya saka da alheri, Inna.

Akwai maganar da lokotoro ya yi mini tun a Disamba muna bakin ƙofa, wadda na ji da kunne ɗaya. Ya ce duk ranar da na ga alamar ciki, kada in jira awo, kada in jira wata uku, in kira shi a ranar, don buƙatar maganin na tashi tun makonnin farko, sau da yawa da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayi da sinadarin uwa take fara ginuwa. Na ce masa ai ni na gama, huɗu sun isa.

Farkon Yuni, ina tsaye gaban takardar nan ta ƙofar kwaba zan sa alamar 100, sai idona ya koma baya yana ƙirga wasu kwanakin daban. Na ƙirga sau biyu. Na ajiye biro, na ɗauko waya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.